Ja Namu, Ruwan Goro Nasu

Ban taɓa son ruwan goro ba, kuma ba da tsufana zan fara sonsa ba. In mai shayi ya miƙo mini kofi mai wannan launi sai in ce ya sake mini wani. Mutane suna ɗauka tsirfar tsufa ce. Ba tsufa ba ne, kishi ne, kuma na san yammacin da ya shige ni.

Mu huɗu ne muke buga belot a gidana a Filinge, bayan la'asar, ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan zaure. Belot karta ce ta biyu-biyu, kai da abokin wasanka kuna fuskantar juna, abokan karawarku su ma haka. Ba caca muke yi ba, ko kusa. Ɓangaren da aka cinye shi zai hura gawayi ya dafa shayi washegari, ya kuma sha ba'a har ya gode wa Allah. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya ajiye alli, har yau Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malami da Faransanci. Akwai Alhaji mai kanti, mutum mai sanyin hali wanda ba ya gane an cuce shi sai an gaya masa. Akwai wani ma'aikacin gidan waya, shi ne abokin wasan Alhaji. Nawa abokin wasan kuwa tela ne, ɗan gwaggona, wato taubashina.

Wanda ya san taubasantaka a ƙasar Kurfai ya san abin da nake nufi. Tun muna yara ban taɓa yi masa magana miƙaƙƙiya ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Ranar da aka yi masa haihuwar fari na je barka na yi addu'a Allah Ya sa yaron ya biyo uwarsa a hanci. Ranar da na ajiye aiki ya ɗinka mini riga kyauta, ya bi kasuwa yana gaya wa mutane yaran gari sun huta. Amma in muka zauna kan tabarma da karta a hannu, babu mai shiga tsakaninmu. In na ɗaga girar hagu ya san ina da as, babbar karta. In na gyara zaman hulata ya san atu ya ƙare mini, atu kuwa shi ne irin kartar da ke cin sauran a wannan zagayen. Shekara da shekaru muna cutar Alhaji haka, yana ta mamakin sa'armu.

Maki da jeto ake lissafa shi, wato ƴan abubuwan ƙirga da kowa ke tarawa a gabansa. Namu na fata ne, wani baduku na bakin kasuwa ya yanka mana daga ragowar aikinsa, ƙanana masu zagaye da dogaye kamar yatsa. Rabi ya rina da jan karan dafi, rabi da baƙi. A tsakaninmu launi shi ne ɓangare. Ba a cewa ni da wane za mu yi, hannu kawai ake sawa a ɗauka, wanda ya ɗauki launinka shi ne naka, kuma haka za a tafi har sai ɗayanku ya ajiye da kansa. Ja namu ne ni da taubashina. Gumin hannu da ɗigon shayi sun dafe su har baƙo ba zai bambanta jan da baƙin ba, mu dai muna ganewa.

Sai aka yi wa ma'aikacin gidan waya canjin wurin aiki. Muka yi kwanaki muna zaman shayi kawai, domin belot ba ta yiwuwa da mutum uku. Ran nan Alhaji ya shigo da wani likitan dabbobi da aka turo garin, mutumin gabas, siriri mai tabarau, mai yawan fara'a. Ya gaishe ni da ladabi, ya yabi inuwar, ya yabi shayin. Irin mutanen nan ne da ba su yi maka komai ba amma kake jin haushinsu. Ya ɗauki jeto ɗaya ya shinshina, ya ce fatar akuya ce. Na ce a raina, to da ta zaki muka ce maka?

Ya iya wasa, wannan ba zan hana shi ba. Shi da Alhaji suka riƙe baƙi, kuma a daidai lokacin ne taubashina ya fara ɓata mini rai. In ɗaga gira har goshina ya yi ciwo, shi kuwa ya jefo kartar da ba ita ba. In gyara hula, in sake gyarawa, in cire ta gaba ɗaya in mayar, ko a jikinsa. Muka koma mu ne masu hura gawayi kusan kullum.

"Kai wai mi ka damunka?" na ce masa wata rana. "Kwana kaka yi zamne?"

"Huskarka ta na gaji da kallo," ya ce. "Tun ina yaro nika kallonta, ba ta ƙara kyawo ba."

Aka yi dariya, maganar ta wuce a haka.

Bayan girbin hatsi Likita ya je Yamai taro, ya dawo da wani ɗan akwatin ƙarfe mai mariƙi. Ya ajiye shi a tsakiyar tabarmata ya buɗe. Jeto ne na roba, masu nauyi, a jere layi-layi, suna sheƙi. Ya ce irin akwatunan nan galibi da fari da ja da shuɗi da kore da baƙi suke zuwa, su ne launukan da masu karta na birni suka saba da su, amma shi ya zaga kantuna da yawa kafin ya sami waɗannan. Na leƙa. Ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, sai wani ruwan bula mai kashe ido. Babu ja a ciki, babu baƙi.

"Likita," na ce, "alawar yara ka sawo muna ko kayan kitso?"

Ya yi murmushi. Alhaji tuni ya cika hannu yana jinjina nauyinsu. Taubashina ya ɗauki ruwan goro guda biyu, ya kai su kusa da fuskarsa, ya juya su, ya daɗe yana kallo.

"Wanga nika so," ya ce. Sai ya miƙo mini ɗaya. "Amshi."

Ni kuwa jakar fatarmu tana kan cinyata, na riga na kwance bakinta.

"Ni ba ni taɓa alawar yara," na ce. "Da ja nika wasa. Kai dai bawa ba shi da zaɓi, abin da ka ƙyalli shi ka ruɗinai."

Hannunsa yana nan a miƙe. Ina jira ya rama, in rama, mu ja maganar kamar yadda muka saba, a ƙarshe in karɓa ina tsaki. Haka ake yi, kowa ya san haka ake yi. Amma Likita, da ba a haife shi cikin wannan wasa ba, ya ga hannu a miƙe an ƙi karɓa, sai ya sa nasa ya karɓa.

"Ni ina sonsa," ya ce.

Na dubi taubashina. Ya fi kowa sanin abin da wannan yake nufi. Kalma ɗaya ta isa, ya ce a'a Likita, na Mushe ne. Bai faɗe ta ba. Ya gyara zama ya fuskanci baƙon.

"To Mushe, ni da kai ke nan," in ji Alhaji. "Mu ɗauki wanga, ya yi kama da sabulun da nika saidawa."

Haka na wayi gari da ruwan hoda a gabana, ni da na yi rabin rayuwata da ja.

Na ce a raina na yini ɗaya ne. Washegari suka zo, kowa ya sa hannu ya ɗauki na jiya. Jibi ma haka. Da na iya cewa ka dawo, amma in na faɗa, kafin magariba duk layin teloli sun ji cewa ubangidansa ya yi kuka don ya rasa shi. Na ci gaba da rabon karta. Gidana ne, tabarmata ce, gawayina ne, ina zaune a gefe ina kallon mutum biyu suna cin wasa suna tafawa. Suka fara yi mana kapo, wato su kwashe duk zagayen ba mu ci ko ɗaya ba, abin da a da ni da shi muke yi wa mutane. Alhaji in an cinye mu dariya yake yi, ya ce gobe ma rana ce ta wasa. Ni kuwa in cika in yi fam, kamar in fashe.

Ba a daɗe ba na gano dabararsu. Likita ba ya ɗaga gira, ba ya taɓa hula. Jeto yake wasa da su a hannu, ya ƙwanƙwasa ɗaya a kan ɗaya, wani lokaci a hankali, wani lokaci da sauri, wani lokaci ya zubo su su yi ƙara. Taubashina ya ɗan karkata kai, sai ya jefo kartar da ake so. Ni za a yi wa wannan, ni da na tsufa cikin sana'ar?

"Alhaji, cutarmu suka yi," na ce. "Ba ka jin ƙaran ga?"

"Haba Mushe, wasan hannu na kawai. Mutum shi bar motsa yatsunai?"

Ban ja maganar ba, domin in na tona su na tona kaina. Abin da ya fi ci mini rai ma ba cutar ba ce. A ina suka zauna suka shirya ta? Ni da shi ba mu taɓa zama mun shirya namu alamun ba, tare suka girma da mu. Waɗannan kuwa lallai sun keɓe a wani wuri, su biyu, sun yi magana ƙasa-ƙasa, wataƙila har sun ambaci sunana sun yi dariya.

Abu ya wuce karta. A da taubashina da ƙafa yake zuwa daga shago, in ji muryarsa tun daga bakin titi yana tsokanar masu wucewa. Yanzu a bayan babur ɗin Likita yake zuwa, a kai yake komawa. Likita ya je rigakafin shanu wajen Sanam, ya dawo da cuku ya raba mana. Na gode masa, na kuma saci kallon na taubashina, na ga ya fi nawa kauri. Tsoho da ni, mai jikoki, ina auna cuku da ido. Na san abin dariya ne, sanin bai rage mini komai ba. A cikin gida na koma mai faɗa a kan gishiri da ruwan alwala, har matata ta ce in wasan ya ishe ni in bar shi, in daina huce haushi a kan tuwonta.

Sai na yi shawara da kaina. Na ɗauki jakar fatar na kai wa badukun, ya tsufa amma hannunsa na nan. Na ce ya wanke su ya sake rina su, jan ya fito ja, baƙin ya fito baƙi. Ya yi aiki mai kyau, ya shafa musu mai suka yi laushi. Da suka iso ran nan, kafin Likita ya buɗe akwatinsa na zazzage jakar a tsakiyar tabarma.

"Yau da namu za a yi," na ce. "Gidana na. Kowa shi ɗauki launinai na asali."

Na kwashi ja na tara a gabana, na bar saura. Na zauna ina jira kamar yaron da ya zo jarrabawa. Taubashina ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a sama, ya yi dama, ya yi hagu, sannan ya sauka ya dumbuzo. Ya jera su a gabansa da kyau, yana murmushi. Baƙaƙe ne, sai ja ɗaya ko biyu da suka shigo ciki.

Na fashe da dariya, har da buga cinya.

"Ku zo ku gani! Bawana ya makance! Alhaji, nemo mishi sanda, gobe in ja shi kasuwa mu samu na goro!"

Ni kaɗai nake dariya. Alhaji ya sunkuya yana gyara garwashin da ba ya bukatar gyara. Likita ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Can taubashina ya yi ƴar dariya, a makare, ya ce ko makaho ne shi ya fi ni iya karta. Likita ya jawo akwatinsa a hankali ya buɗe, aka ture fatun gefe. Muka yi wasan ranar babu mai ɗaga murya. Na gane akwai abin da mutum uku suka sani a kan tabarmata ni ban sani ba. Har Alhaji, wanda sai an gaya masa abu yake ganewa. Ke nan an gaya masa.

Washegari ranar kasuwa ce. Na fita da hantsi na ratsa ta wajen masu hatsi da masu dabbobi har layin teloli. Babur ɗin Likita yana jingine a ƙofar shagon. Na tsaya daga waje. Likita yana durƙushe gaban keken ɗinki yana zura zare a allura, taubashina yana tsaye a kansa riƙe da yadi. Da ya gama da keken sai ya ɗauki alluran hannu ya zura musu zare ɗaya bayan ɗaya, ya soke su a jikin wani tsumma da ke rataye, yadda mai shagon zai lalubo su. Hannunsa ya saba da aikin, ba ranar ya fara ba. Ya juyo ya gan ni, ya gaishe ni, ya ce ana jiransa a kasuwar dabbobi, ya hau babur ya tafi.

Na shiga na zauna a kan benci. Taubashina ya zauna a kan keke bai taka ba.

"Tun yaushe?" na ce.

"An jima. Daga nan inda nike, ina ganin mutum zamne, amma huska babu. Da murya nika gane ku. Kartar hannuna ina gani in na kawo ta kusa. Abu mai haske ƙwarai, awa jeton Likita, shi ma ina gani."

"Asibiti hwa?"

"Ya kai ni Yamai. Sun ce ba yana ba ta da za a cire. Sun ba ni na ɗigawa, wai shi tsai da shi inda ya kai."

Ashe har Yamai suka je tare. Na tuna kwanakin da aka ce mini ya tafi sarin yadi.

"Don mi ba ka hwaɗa min ba?"

Ya juyo da fuskarsa wajena, idanun suna kallon gefen kunnena.

"Kai? In hwaɗa ma, ka ce mi? Jiya ba ka ji abin da kac ce ba?"

"Wasa na. Ka san wasa na."

"Na sani. Ni ma da kai na abin ya samu, hakanan za ni ce ma, har in ƙara. Amma ranar da nig gane ba ni ganin ramin allura, ba wasa nika so ba. Mutum nika so wanda za ni hwaɗa ma shi ce sannu, shi yi shiru." Ya shafa kan keken. "Likita ba taubashina ba na. Shi ya sa."

Na so in ji tausayi kawai, kamar mutumin kirki. Na ji tausayin. Amma kishin bai matsa ko'ina ba, ƙaruwa ma ya yi. A da ina kishin an ɗauke mini abokin karta. Yanzu na ga mutumin da ya zo garin jiya ya sami wurin da ni ban taɓa takawa ba, kuma kusancinmu ne ya hana ni shi. Na fita daga shagon ban ce masa sannu ba, domin ban san yadda ake faɗa masa ita ba.

Na yini ina shirya abin da zan yi. Da la'asar suka iso, Likita ya buɗe akwati, na riga kowa sa hannu na ɗauki ruwan goro. Launin ya yi mini muni a tafin hannu, na dai riƙe.

"Ɗauki, Mushe," in ji Likita nan da nan, da fara'arsa. "Wallahi ɗauki. Ni sai in koma wajen Alhaji. Zan ma nuna maka yadda muke ƙwanƙwasawa, ba wuya."

Da ya yi gardama da na ji daɗi. Amma ya miƙo mini ɗan gwaggona kamar mai ba da aron tabarma, har da koyarwa a kai. Na dubi taubashina ina jira ya ce wani abu, ko da zagi ne, ya ce ku dubi bawana da alawar yara. Da ya faɗi haka da shi ke nan, na dawo. Yana zaune yana juya jetonsa a tsakanin yatsu, kansa a karkace wajen Likita. Na mayar da nawa cikin layinsa na jawo ruwan hoda.

"Raba karta, Alhaji," na ce.

Har yau haka muke zama. Suka cinye mu ran nan kamar kullum. Da aka kira magariba suka miƙe, na bi su zaure. Akwai ɗan tudu a bakin ƙofar, na ga yadda yake laluben sa da ƙafa, abin da ya daɗe yana yi a gabana. Na matsa kusa da shi. Na riga na tsara maganar tun rana, gajeriya ce: ɗan'uwa, kama hannuna. Na buɗe baki.

"Bi sannu, makahon banza," na ji kaina ina cewa, "kar ka kasshe min ƙohwa."

Ya yi dariya sosai, irin ta da.

"Ƙohwar matsiyaci ko ta hwaɗi ba a yi asara ba," ya ce.

Sai ya ɗaga hannu ya lalubo kafaɗar Likita ya dafa, suka tsallake tare.